Kurar Malam Tanimu

Shekara goma sha tara ina buga masa labari
a shagon nan na Tudun Wada, bayan masu gyaran rediyo.
Yakan zo ran Asabar, gab da la'asar,
rubutu a bayan takardar kuɗin wuta,
wani a takardar siminti, wani a tafin hannunsa,
ya ce, "Barau, buga kafin in yi alwala."

Littafi uku ya ce zai yi.
Jarumi ɗaya, Dungu ɗan maƙera,
makullin tagulla ɗaya,
ƙofa bakwai a ƙarƙashin Kufena.
Na tambaye shi ina taswirar tafiyar,
ya nuna kansa, ya gyara zaman hula.
An ce ba a fafe gora ranar tafiya,
shi sai ya kai Kwangila yake cigiyar wuƙa.

A na biyu ƙofofin sun zama tara.
A na huɗu dodo ya cinye hannun Dungu na hagu,
a na shida ga shi yana tafi a gidan biki.
Wani tela daga Kwarbai, Lawandi,
ya zo da littafin awonsa cike da ƙorafi,
shafi da layi, kamar mai bin bashi.
Malam ya saurara har ƙarshe, ya saya masa shayi.
A na bakwai sai ga wata tsohuwa
mai ɗinke hannaye da zaren gizo-gizo,
da igiyar awo rataye a wuyanta.

Shekarar da mahaifiyarsa ta rasu a Jushi
mayyar Kubanni ta daina cin mutane.
Ta koma dama fura, tana kukan ciwon gwiwa,
tana ce wa Dungu "ɗan nan".
Na buga.
Ban tambayi abin da ya jiƙa takardar ba.

Ni ma ina da nawa laifin.
Tafiretata ba ta san ƙugiya ba,
da biro nake bin haruffa ina lanƙwasa musu kai.
Wani dare kalanzir ya ƙare, na tsallake ɗaya.
Malam ya rubuta ƙura ta bi Dungu har gari,
ta fito daga maɗaba'a kura.

Sai ga wasiƙu daga Samaru, daga Gyallesu:
ina kurar ta shiga? Me take nema?
Ya karanta shafin sau biyu,
ni kuwa ina lissafin inda zan nemi wani aikin.
Ya ɗago ya ce, "Ashe da kura a ciki."

Littafi tara ta yi tana tafe.
Ta yi suna, ta koyi magana, ta haihu,
ta yanke wa aljanu shari'ar gado,
har aka manta labarin na wani maƙeri ne.
Ranar da ya kashe ta
mai ƙosan bakin tasha ta hana shi ciniki mako guda.
An ce ƙarya fure take, ba ta 'ya'ya.
Tamu har jikoki.

Yanzu kwamfuta ce a gabana, ƙugiya ba ta ɓata.
Idonsa ya yi rauni, faɗa yake ina bugawa.
Muna kan na goma sha bakwai.
Dungu ya yi furfura a watan da Malam ya yi,
yakan zauna ya huta a tsakiyar yaƙi,
makullin na nan a aljihunsa, ya yi tsanwa.

Jiya ya tsaya ana cikin jimla.
"Barau, me muka ce makullin nan yana buɗewa?"
Na sauko da goma sha shidan daga kanta,
na bi su har aka kira magariba.
Na ce, "Malam, ba mu ce ba."

Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi,
ya sha ruwa, ya goge gemu.
"To, da sauran hanya ke nan.
Koma layi. Ka ce Dungu ya ji ana binsa."