Wutar Korar Ɓarawo

Kaska na cire a bayan gwiwa
ranar da na kai awaki Kasuwar Dole.
Kwana tara, sai ga zazzaɓi
kamar mai bin bashi, har da tabarmarsa.

A likita aka ba ni ƙwayoyin sati uku.
Inna Tsahara ta ce ba su isa ba.
Ta jiƙa bedi, ta dafa sassaƙen marke,
ta daka tafarnuwa har Birni ya ji wari.
Na sha. Ɗaci ba ya kisa, in ji ta.

Zazzaɓi ya naɗe tabarma.
Sai ciki ya ɗau kuka,
tuwo ya zama baƙon da ba ya kwana,
ni da buta muka zama aminai.

Harira mai farar riga ta ajiye biro:
"A hanjinka akwai gari guda, Ilu,
ƙananan halittu masu yi maka aiki ba lada.
Wutar da aka sa don korar ɓarawo
ba ta tambayar sunan kowa."

"Wutar wa? Taku ko ta Inna?"

"Tamu mun san ɓarnarta.
Ta Inna ban auna ba, ba zan rantse ba.
Ƙarasa namu. Nata, kawo in gani."

Yanzu da la'asar ina kan dutse,
ƙwaryar nono a cinya,
ina kurɓa a hankali
kamar mai ba maƙwabta haƙuri
bayan gobara ta tashi daga ɗakinsa.

Inna na can tana tace wani tulun.