Faifan da Ya Ƙi Juyi

Ran Talata da hantsi ya ɗauke numfashi.
Ba hayaƙi, ba ƙauri, ba sallama.
Na danna, na sake dannawa,
fitila ta kama, fankar kwamfuta na kaɗawa,
amma can ciki, inda ya saba gurnani
kamar kyanwa a kan buhun gero,
shiru.

Shekara goma sha ɗaya ina ɗaukar hoto a Rafindadi.
Duk fuskar da ta zauna gaban shuɗin labulena
tana cikin ƙarfen nan da bai fi tafin hannu ba:
masu neman aiki, maniyyata, 'yan aji shida da kunnuwa a miƙe,
da Malam Tanimu mai gyaran agogo,
wanda matarsa Tsahara ta zo ran Laraba, fitarta takaba ke nan,
ta ce: "Ko ɗaya ba mu da shi a gida.
Autarmu na tambaya yaya hancinsa yake."

Na ce ta dawo jibi.
Bakina ne ya yi alkawari, bai shawarce ni ba.

Kowa da maganinsa.
Mai shayi ya ce in sa shi a firji ya kwana,
ɗan acaɓa ya ce a ɗan maka masa mari
yadda ake wa rediyo.
Na naɗe shi a hula na nufi Ƙofar Ƙaura
wurin Sallau, wanda ba ya amsa gaisuwa
in sukundireba na hannunsa.

Ya kara shi a kunne kamar mai zaɓen kankana.
Ya jona waya. Ya saurara. Ya shinshina.
"Ko yunƙuri ba ya yi," in ji shi.
"Da yana ƙyas-ƙyas sai in ce allura ta maƙale.
Wannan wuta ce ba ta kai masa."
Ya birkice shi, ya nuna min da bakin tsinke
wani baƙin ɗigo, bai kai ƙwayar riɗi biyu ba, ya ƙone.
"Aikin janaretanka ne."

Ya jawo kwali daga ƙarƙashin benci,
maƙabartar faya-fayai, kowanne da lambarsa a goshi.
Ya yi ta tono har la'asar
kafin ya sami ɗan'uwan nawa, uwa ɗaya uba ɗaya.
Ya kwance koren allon wancan,
ya ciro ɗan guntun da nawa ke tuna kansa da shi,
da dalma, da hannun da ba ya rawa,
ya dasa.

Ni ina waje ina ƙirga babura.
Aka kira magariba, muka je muka dawo.

Ya jona.
Da fari ba komai.
Sai wani siririn kuka, kamar sauro daga nesa,
ya tashi, ya hau, ya daidaita,
tebur ya ɗauki kaɗawa a ƙarƙashin tafina
irin ta mazarin kakata in zare ya kama hanya.

"Kar ka yi murna," in ji Sallau. "Aron rai ne.
Kwashi abin da za ka kwasa."

Minti arba'in da bakwai ya ba mu.
Na tsallake bukukuwa, na tsallake kaina da ƙuruciyata,
na bi watanni da yatsa har na iske shi.
Sau uku na ɗauke shi ran nan.
A biyu ya ƙifta ido.
A na ukun yana kallon gefe,
agogon bangona yake harara, mai lattin minti biyar,
baki a buɗe, zai gaya min.

Daga nan faifan ya yi tsaki sau biyu, ya kwanta.
Shekara huɗu ya tafi da su, ban san fuskokin wa da wa ba.

Na wanke duka ukun.
Tsahara ta daɗe tana dubawa a bakin ƙofa,
ta zare wanda ya rufe ido, ta soke a gefen zane.
"Wannan nawa ne," ta ce.
"Yarinyar a ba ta mai kallon agogo."