Littafin Ruwa

A Bara, gabas da rijiyar Malam Hudu,
na kafa gwangwanin tumatir a kan turke,
na zana masa ma'auni da ƙusa.
Shekara huɗu ina leƙa cikinsa kowace safiya
kamar mai duba jinjiri ko yana numfashi.

Bakwai ga Yuli: rabin gaɓar yatsa.
Sha tara: babu.
Ashirin da uku: ƙwaro ya faɗa, ƙishi ya kashe shi.
Duk na rubuta.
Littafin lissafin ƙanena ne, na cinye bayansa da kwanan wata.

Kakana ya tsaga dakwara har hannunsa ya yi kanta,
ƙaro na fito masa dunƙule-dunƙule, hawaye mai kuɗi.
Da shi ya yi aure, da shi ya tafi Makka ta Sawakin.
Yau a gandunsa yashi ne zaune,
ya miƙe ƙafa kamar mai bin bashi.
Itace uku suka rage. Na raɗa musu suna.

Sai takarda ta zo daga Ubayyid:
ana tsara shirin ƙasa kan sauyin yanayi,
ana son matasa.
Inna ta goge mini lafaya ruwan ɗorawa,
ta ƙulle kuɗin mota a haɓarta.
Na hau bayan motar albasa, na isa ina ƙamshin miya.

A zauren akwai sanyi, na na'ura,
sanyin da bai taɓa tsirar da ko ciyawa ba.
Aka ba mu riga mai hoton ganye, aka ba mu hula,
aka jera mu a baya kusa da butar shayi,
aka ce a yi murmushi, hoto za a ɗauka.
Wani mai farin gemu ya ce, “Ku ne manyan gobe.”
Talle na gefena ya ce ƙasa-ƙasa,
“Goben da ake ɗinka mana ba a auna mu ba.”

Shekarar da suka sa a takarda, dubu biyu da hamsin.
Na ƙirga da yatsu: zan kai, in da rai,
da jikoki a gindin itace, in da itacen.
Su kuwa masu sa hannu...
ban ƙarasa lissafin ba, ba ladabi.

Minti uku aka ba ni.
Na manta da gaida manyan baƙi.
Na buɗe littafi na karanta ruwa:
kwana, gaɓa, kwana, babu, babu, babu.
Na ce dashen da aka aiko mana bara
ya iso bayan damina ta naɗe tabarma,
guda dubu biyu, awaki suka yi walima.
Da an tambaye mu, da mun ce Yuli, ba Oktoba ba.
Da mun ce dakwara,
ba baƙon itace mai shanye rijiya shi kaɗai ba.
Ƙararrawa ta kaɗa. Ban zauna ba.
Na ce kujera muke so inda ake raba aiki da kuɗi,
ba inda ake raba hula ba.

Tafin bai yi yawa ba.

A bakin ƙofa wata mai tabarau ta tsare ni,
Sitt Usaina, daga ma'aikata.
“Ba ni littafin nan.”
Na ce kwafa za ki yi, shi gida zai koma.
Ta dube ni. Ta zauna a kan matakala
da lafayarta mai tsada,
tana juya shafi, tana tambayar
gaɓa nawa ce a milimita, kuma yatsan wa.
Har aka kira la'asar.

Ko shirin ƙasa zai ɗauki maganarmu, ban sani ba.
Takarda tafiyar raƙumi take, tana kiwo a hanya.

Na dawo da dare. Gabas ta haɗa.
Ban ko cire takalmi ba na wuce wajen turke,
na zubar da yashin da ya taru a gwangwani,
na daidaita bakinsa da sama.