Ki Sa Mini Aljihu

Yahanasu, ɗaga ƙafa daga keken nan tukuna,
ki saurare ni.
Ga atamfa turmi guda, daga Kwari nake,
na sha rana, na sha ciniki,
mai rumfar har da rantsuwa wai ba ta zuba.
Ma gani a wanki na uku.

Awon da ke littafinki, yage shi.
Na waccan yarinyar ne
mai cusa kanta a riga kamar biro a marfi,
tana riƙe numfashi a ja mata zif ta baya.
Haihuwa biyu ta shiga tsakaninmu.
Nakan gaishe ta in mun haɗu a hoto.
Ɗauko tef ki sake aunawa,
kada ki rage ko ɗan yatsa don kara.

Doguwar riga nake so, mai sakin jiki,
amma ba buhun gero ba.
Tsakanin nan biyu aikinki yake.

Zif ki dawo da shi gaba,
ki ɓoye shi ƙarƙashin ninki,
don Sagir ba ya jiran a isa gida.
Ran Talata, a adaidaita, cunkoson Ƙofar Mata,
ya ɓarke da kuka,
ina kokawa da riga a cikin hijabi
kamar mai kamun kaza a akurki,
wata dattijuwa a gefe sai sannu take jera mini.

Ban da duwatsu a ƙirji.
Na leshin suna, Nawwara ta ɓanɓare su ɗai-ɗai.
Biyu na ƙwato daga bakinta,
na ukun sai washegari muka gan shi.

Sai aljihu.
Yahanasu, aljihu!
Wa ya yanke cewa mace ba ta da abin ajiya?
Rigar babansu huɗu gare ta,
ba komai ciki sai asuwaki da tsohon rasit.
Ni mai katin riga-kafi, mai makulli, mai waya,
mai canjin mota, mai guntun biskit da aka ce in riƙe,
da takalmi wari guda da ba a ga ɗan'uwansa ba,
an bar ni da hannu biyu,
ɗaya na gyara goyo, ɗaya na damƙe da mai gudu.
Ki yi shi hagu da dama,
mai zurfin da hannu zai nutse har wuyansa.

Dubi zanen da ke jikinta:
ruwan ƙasa, ganye-ganye, ɗigon ruwan goro.
Ba a banza na zaɓa ba.
Koko ya zuba, ya ɓace a ciki.
Manja ya ɗiga, a ɗauka daga kamfani ne.
Farar shaddata tana ƙasan akwati,
ta jira su shiga firamare.

Tsawo ya tsaya a idon sawu,
kin san lungunmu da damina.
Hannu kada ya yi fukafuki, ina tuƙa tuwo.
Ban da tattara mai neman guga,
wuta sai ta ga dama take leƙo mu.

Abin da ya ragu ki fitar mini da ɗankwali,
in da sauran ƙyalle, Nawwara ta samu siket,
mu fita anko ni da 'yata.
A wuya kuwa, nan kaɗai, na yarda ki yi ɓarna:
siririn aiki da zare ruwan zuma,
sama da inda majanyi ke ɗaurewa,
don in na goya, shi ne zai rage a gani.

Ba biki za ni ba.
Asibiti ne, da Islamiyya, da kasuwar Rimi,
da gidan Inna a Yakasai.
Amma ina so in na gifta gilashin wani kanti,
in hango matar da ke ciki,
yaro a baya, danshin tumbuɗi a kafaɗa,
in ɗan rage sauri,
in ce, a'a, wannan 'yar gayun fa, daga ina?

Yaushe zan dawo?
Kada ki ce Juma'a.
Juma'arki ta bara har yau tana hanya.