Ƙarar Murfi a Hanyar Gaspé

Shekara arba'in da ɗaya ina zama a bayansa,
haɓata a kafaɗarsa, iska tana cin rabonta.
Bara, muna karin kumallo, jini ya hau masa kai,
ya tafi da hannun dama, ya tafi da harshen Aurèle.
Muka sayar da babur mai taya biyu,
muka sayo mai uku, wanda ba ya roƙon ƙafar kowa kafin ya tsaya.
Yanzu ni ce a gaba.
Shi ne kayan da nake tsoron zubarwa.

Daga Rimouski muka kama hanyar bakin ruwa,
kogin nan da ya yi faɗi har ya manta shi kogi ne.
Ba mu yi nisa ba sai ƙara:
tit, tit, tit,
da jar fitila a allo, wai akwatin kaya a buɗe yake.
Na taka birki, na sauka, gwiwoyina suna gunaguni.
Murfin hagu ne, ya ɗaga kaɗan kamar leɓen mai son magana.
Na danna shi.
Aurèle yana kallon ruwa.

Sau uku kafin azahar.
Na duba rigar ruwa, kwalbar magani, burodin jiya,
ba abin da ya faɗi sai haƙurina.
Na zagi kamfanin, na zagi wanda ya ƙera sakata,
na zagi kuɗin da muka zuba.

A Matane wani yaro, Maxence, mai zanen anga a wuya,
ya hure ƙura, ya ɗiga mai, ya buɗe ya rufe sau goma.
Ya ce, "Madam, makunnin nan lafiyarsa ƙalau.
In ya dame ki in yanke wayar, aikin minti biyu ne."
Saura ƙiris in ce yanke.
Rowa ce ta hana ni, ba hikima ba.

Bayan Cap-Chat, inda fankokin lantarki ke juyi a kan tudu,
na kai ido madubi don wata babbar mota,
sai na ga hannun hagu, wanda ciwo ya bar masa,
yana sauka a hankali kamar ɓarawon kaza,
yatsa ɗaya ya sami sakata.
Tit, tit, tit.

Na tsaya. Ban juya ba.
Sai a lokacin na dubi wurin:
nan ne sarƙar tsohon babur ɗinmu ta tsinke cikin ruwan sama,
muka kwana a rumfar masunta muna warin kifi muna dariya.
Na ƙirga baya. Tsayawar farko, cocin da aka binne uwarsa.
Ta biyu, rumfar soyayyen dankali da likita ya haramta.
Ta uku ban san ta ba,
kuma ba zan taɓa sani ba.
Ashe mai ɗaki bai san duk inda yake yoyo ba.

Ban faɗa masa na gani ba.
Mutumin da aka ƙwace wa baki, ba a ƙwace masa dabara.
Ina sauka, ina tsaki yadda na saba,
in cire hular kwano, in yi ta laluben murfin
har sai ya gama kallonsa.

Jiya da yamma, dab da Percé, ta sake kaɗawa.
Na duba madubi: yana barci, hannunsa a cinya.
Wannan karon ni ce na manta ban rufe ba.
Babu komai a wurin, duwatsu ne da ciyawa da sanyi.
Na kashe injin duk da haka,
na zauna ina jin numfashinsa a bayana
har rana ta gama shiga ruwa.