Allurar Rediyo

A rumfata ta Jekadafari
rediyo tara ke jiran magani.
Wata ta kurmance, wata tari ya shaƙe ta,
wata kyankyaso ya yi iyali a cikinta.
Ni Bappayo, shekara talatin ina ƙona yatsa da dalma,
nakan gane muryar ƙasa tun ba ta faɗi sunanta ba.

Na murɗa allura zuwa gajeren zango.
Ga murya daga ƙasar sanyi.
Ɗana da ke karatu can ya ce
kowane gida na zuba nasa, kamar adashe,
mai shara da minista zubi ɗaya,
shi ya sa ɗan jarida ke tsare mai mulki da tambaya
har sai ya nemi ruwan sha.
Na ce, to wanda ba ya saurare fa?
Ya ce shi ma biya yake, yana gunaguni.

Na ƙara murɗawa kaɗan.
Wannan gwamnati ce ke ci da ita.
Hausarta tas, kamar an wanke da sabulu,
sai dai a ƙasarsu ba a taɓa fari ba,
gada ba ta taɓa karyewa ba,
kowa lafiya, kullum.
Wata can masu sauraro take roƙo,
kamar asusun gyaran rijiyar unguwa.
Wata talla ta riƙe mata wuya:
minti biyu labari, minti biyar maganin basir.

Sai na dawo gida.
Tamu ta buɗe da mai girma,
ya je, ya dawo, ya aza tubali,
sai sanarwar rasuwa, sai cigiyar akuya,
sai wuta ta ɗauke a tsakiyar kalma.

Hamma Jalo ya zo daga Kwami da tasa a buhu.
Ba ruwansa da Turai.
So yake ya ji yaushe ruwa zai sauka,
nawa buhun taki,
kuma wa ya sayar da burtalin da shanunsa ke bi.
Na canza masa lasifika, na sa batir sabo.
Ya kara a kunne, ya daɗe.
Ya ce, Bappayo, tana magana kam,
amma ba da ni take ba.

Na mayar masa da rabin kuɗinsa.
Wannan ciwon ba a cikin akwatin yake ba,
dalmata ba ta kai can.