Tanderun Nikanor

Dutsen nan ya shekara dubbai a gefen tsaunin Mishteka
bai ce uffan ba.
Rana ta gasa shi, ruwa ya wanke shi,
yana nan dai, dutse.

Babana Nikanor ya ce taurin kai ne.
Malama Obduliya, can jami'a a Wahaka, ta ce lissafi ne:
kafin dutsen farar ƙasa ya saki iskar da ya rungume
sai an biya shi da zafi,
kilojul ɗari da saba'in da takwas kan kowane mol,
babu tayi, babu ragi.
Na rubuta a littafina: entalfi ya hau.
Hawa kuwa ba a yinsa kyauta.

To don me yake yarda daga baya?
Don iskar in ta kuɓuce takan bazu,
duniya kuma tana son bazuwa
kamar 'yan makaranta in an kaɗa ƙararrawa.
A sanyi, wannan son ba ya ɗaga sikeli.
Sai wuta ta haura digiri ɗari takwas da ɗoriya
sannan awo ya juya,
abin da ya ƙi jiya ya ce bismilla.

Baba bai san waɗannan alƙaluma ba.
Kwana uku yana cusa itace, idonsa jajur,
yana jiran bakin tanderu ya yi launin cikin gwanda.
Ni da ma'aunina, shi da girarsa da ta babbake,
lokaci ɗaya muka ɗaga kai.

Rana ta huɗu duwatsun sun fito fari fat,
sakayau a hannu, kusan rabin nauyin ya bi iska.
Inna Itandehuwi ta yayyafa musu ruwan rijiya,
ba ashana, ba garwashi,
sai ga huci, sai ga tururi har rufin langa-langa.
Wani kaso na zafin da muka biya
ya dawo da ƙafarsa, ba a aika masa ba.
Da shi ta jiƙa masarar gurasar gobe.

Ragowar muka shafe bangon ɗaki.
Lissafi ya ce farin nan zai sake shan iska
ya koma dutse.
Zai yiwu, in ji takarda.
Yaushe? Takarda ba ta ce ba.

Bana na danna farce a bangon,
ya ƙi shiga.
Baba na zaune a ƙofa, yana tari, yana dariya.